Mai bishararmu na Nijar ya saka hotunan yawo: baikonmu ne ke biya?

Maman_Saratu:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ce gara in kawo shi nan da in yi ta gunaguni a ciki. Ikkilisiyarmu a nan Zuru tana da mai bishara da ta aika Nijar, shi da iyalinsa, kuma duk wata mu zumuntar mata muna haɗa abin da ya sawwaƙa a tura masa. Cikinmu akwai masu tuyar ƙosai, akwai masu sayar da itace. To sai ga shi ya saka hotuna a Facebook, shi da matarsa da yara a gidan tarihi na Yamai, sun tsaya gaban ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba, wani hoton kuma suna cikin kwalekwale a kan kogi. Wata uwa ta nuna mini, ta ce ashe kuɗin ƙosanta yawo yake tafiya. Na rasa abin da zan ce mata. Don Allah waɗanda suka san aikin nan, yaya zaman mai bishara yake a ƙasar waje? Yawon buɗe ido yana cikin aikin ne?

Yaron_Dabai:
Mama, tambayarki tana kan hanya. Ni ma na ga hotunan, kuma gaskiya raina bai so ba.

Baba_Rabaran:
'Yata Maman Saratu, Ubangiji ya sa miki albarka da kika tambaya a fili. Ni na yi wannan aiki shekaru masu dama a wani ƙauye cikin jihar Doso kafin ƙarfi ya ƙare in dawo gida, saboda haka bari in faɗa miki yadda yini yake wucewa.

Kiran sallar asuba na garin shi ne agogonmu. Mu tashi mu yi addu'ar safe da yara, sai mamanku ta ɗauki jarkoki ta nufi rijiya. Rijiyoyin can ba irin namu na ƙasar Zuru ba ne, zurfinsu sai an ɗaura guga a jaki ko sa ya ja. Kafin ta dawo rana ta take. Ni kuma in tafi gaida mai gari, domin baƙon da ba ya gaisuwa ba ya daɗewa a ƙauye. Daga nan in zauna wurin wani tsoho yana koya mini Zabarmanci. Na je da Hausa a bakina ina ganin ta isa, amma mutanen garin Zabarmawa ne, matansu da yawa ba sa jin Hausa ko kaɗan, hukuma kuma takardunta da Faransanci suke. Ga ka babba da iyali, yara suna yi maka dariya don ka kasa tambayar kuɗin gishiri.

Da rana a watan Afrilu ba mai motsi, zafi yana haura digiri 40. Da la'asar sai ajin yaƙi da jahilci a gindin itace. In damina ta faɗi sai in zama manomi sosai, gero da wake a gonar aro, don abin da ake aiko mana ba ya kai wata. In wani ya kwanta ciwo da dare, babur ɗina ne motar asibitin garin, ko Musulmi ne ko mai bin gargajiya, ba a tambaya. Ranar Lahadi mu yi sujada a rumfar zana, wani lokaci ni da iyalina ne kawai da mutum ɗaya ko biyu. Ana yin shekara ba a yi baftisma ko ɗaya ba.

Yamai kuwa ba don sha'awa muke zuwa ba. Daga Doso kusan kilomita 140 ne. Takardun zama, karɓar kuɗi, sayen magani, taron masu bishara, su ke kai mu. In ka gama da wuri, gidan tarihin yana nan tsakiyar gari, kuɗin shiga kaɗan ne, sai ka kai yaran da suka yi watanni ba su ga komai ba sai yashi.

Hannatu_Ribah:
Baba mun gode. Ni dai ban taɓa sanin har noma kuke yi ba, na ɗauka albashi ake ba ku kamar fastocin gida.

Gaskiya_Ɗaya:
Da girmamawa Baba Rabaran, naku zamanin daban. Ku kun zauna a ƙauye. Amma akwai waɗanda ake aikawa su kama haya a birni, su yi ta rubuto rahoto mai daɗi, in an je dubawa ba a tarar da kowa. Ban ce wannan ɗan'uwa haka yake ba, ban san shi ba. Tambayata ita ce, in yana aikin, ina hoton aikin? Me ya sa na kwalekwale kawai muke gani?

Ɗalibin_Tauhidi:
@Gaskiya_Ɗaya kafin a zo kan hoton aiki, mu fara duba ko yawon kansa laifi ne. A Ayyukan Manzanni sura 17, manzo Bulus yana Atina yana jiran Sila da Timoti. Me ya yi? Zagaya birnin ya yi yana duba wuraren ibadarsu, har ya ga bagaden da aka keɓe wa allahn da ba a sani ba, kuma da wannan bagade ya buɗe wa'azinsa. Da ya kulle kansa a masauki da bai sami ƙofar shiga ba. A Markus sura 6 kuma Yesu da kansa ya ce wa almajirai su keɓe su ɗan huta, don ko damar cin abinci ba sa samu. Mutumin da zai zauna cikin jama'a dole ya san abin da suke alfahari da shi.

Gaskiya_Ɗaya:
Bulus ya zagaya, amma an rubuta mana wa'azin da ya yi bayan zagayen. Har yanzu tambayata tana nan.

Mai_Bishara_A_Fili:
Bari in amsa maka ɗan'uwa, don ni yanzu haka ina fili, kuma ba zan faɗi ƙasar ba. Hoton aikin shi ne hoton da ba mu da ikon sakawa. In na ɗauki matashin da yake zuwa wurina da dare muna karatu na saka a Facebook, gobe danginsa sun gani, an kore shi daga gida, ko a raba shi da matarsa. In na saka rumfar da muke sujada, na nuna wa duk mai mugun nufi inda za a same mu. A Nijar masu bi ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A watan Janairu 2015, lokacin fushin zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, an ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. A 2018 an sace wani fada ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, daga gidan mishan na Bomoanga, sai 2020 aka sake shi. Wanda ya san waɗannan ba zai riƙa baza fuskokin mutanensa a intanet ba.

To me ya rage da zan nuna wa mahaifiyata don ta san muna raye? Yara a bakin kogi. Shi ke nan. Ku kuna ganin yini ɗaya da aka iya ɗauka, sauran shekarar ba ta ɗaukuwa.

Maman_Saratu:
Kai, wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ubangiji ya tsare ku. Amma ɗan'uwa, ko wasiƙa ba za a iya rubuto wa dattawa su karanta mana ba tare da sunaye ba?

Mai_Bishara_A_Fili:
Ana iyawa Mama, kuma ya kamata. A nan kam ina bayanki.

Alhaji_Na_Kamba:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi na, amma zauren ga namu na duka, kuma hanyar da kuka magana ita nika bi kullum, Kamba zuwa Gaya. Abin da nika son Maman Saratu ta gane shi na zancen kuɗɗi. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta motsi. Naira kuwa tun da anka sake ta a 2023 ta yi ƙasa ƙwarai, jikka guda ta sefa, wato sefa dubu, ta wuce naira dubu biyu. In kun tura mishi abin da kunka saba turawa shekarun baya, in ya canza, rabi ma ba shi kaiwa. Ga shi bayan juyin mulkin Yuli 2023 anka ruhe iyaka wata da watanni, anka yanke wutar da ka tahiya Yamai ta layin Birnin Kabi. Na ga masu wa'azinku a Gaya lokacin nan, suna neman wanda za ya ƙetaro musu da saƙo, wallahi abin tausai.

Zancen yawo kuwa, mu ma in mun tai Madina ana kai mu ziyara, Uhudu da masallacin Ƙuba, kuma ba wanda ka cewa alhaji ya ɓata kuɗin kujera. Kwalekwalen Yamai kuɗin shiga nai bai kai na kwanon shinkahwa biyu ba.

Yaron_Dabai:
Alhaji ziyara ai ibada ce, kallon ƙashin dabba ba ibada ba ne. Kada a haɗa.

Alhaji_Na_Kamba:
Gaskiyarka ɗana, ba ɗaya ba ne. Amma alhazai na shiga kasuwa su kalli gari kuma, ba a hana su ba.

Ɗiyar_Mishan:
Ni a gidan mai bishara aka haife ni, a can na yi wayo. Ina karanta maganganun nan idona yana kawo ruwa. Ba wanda ya tambayi yaran da ke cikin hoton nan yaya suke. Mu makarantar Faransanci muka fara, da muka kai aji huɗu iyayenmu suka ga in mun dawo gida ba za mu iya jarrabawar Najeriya ba, sai aka kawo ni da yayana wurin gwaggonmu a Yawuri. Sau ɗaya a shekara muke ganin iyayenmu. Turawan mishan suna da makarantar Sahel Academy a Yamai don 'ya'yansu, amma kuɗinta ba na irin babana ba ne.

Kuma ko muna gida, baba ba namu ba ne, na gari ne. Ana cin abinci za a yi sallama ya tashi. Ranar da ya kai mu gidan tarihin nan na Boubou Hama ita ce ranar da ba wanda ya kira shi. Na ga ƙasusuwan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a hamadar Agadas, na ga dorina da zaki, na ga busasshen itacen Tenere, wanda yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar sahara har wata mota ta buge shi a 1973 aka kwaso shi aka ajiye. Wata shekara kuma ya kai mu Kure muka ga raƙuman dawa suna kiwo a gonakin mutane ba shinge ba komai. Don Allah iyayena mata, kada ku hana yaran nan wannan.

Malam_Tarihi:
Ƙarin bayani kan raƙuman dawan Kure: su ne garke na ƙarshe na irinsu a Afirka ta Yamma. A tsakiyar shekarun 1990 sun ragu zuwa kusan 50, da aka tsare su suka haura 600. Wurin kusan kilomita 60 ne daga Yamai a kan hanyar Doso. Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauki iyali ya tafi. A watan Agusta 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a can, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu. Tun daga nan abin ya canza.

Ɗiyar_Mishan:
Haka ne Malam, namu zuwan ya riga wannan da daɗewa.

Kaka_Senchi:
Jikata ce take rubuta mini wannan. Ni na ga Turawan mishan na UMS da idona a ƙasar nan. Tun shekarun 1920 suka zauna a Zuru da Salka, daga baya suka yi asibiti a Tungan Magajiya. Sun sha wahala, wasunsu sun binne 'ya'ya a nan. Amma suna da hutu a rubuce. In zafi ya yi su hau Jos, wasu su sauka gidan hutu na Miyango, bayan 'yan shekaru kuma su tafi ƙasarsu hutun dogon lokaci. Suna zuwa kallon bikinmu na gargajiya na Uhola, suna hawa duwatsunmu da na'urar ɗaukar hoto. Ba mu taɓa cewa sun ci baiko ba, cewa muke Bature ya san darajar jikinsa. Yanzu da ɗanmu ne ya tafi, sai mu ce kada ya ɗaga kai ya kalli kogi?

Gaskiya_Ɗaya:
Kaka, Bature kuɗin ƙasarsu yake ci, kuma masu ba shi suna da shi. Namu daga kaskon ƙosai yake fitowa. Bambancin ke nan.

Katikis_Yelwa:
Bari in kawo na ɓangarenmu na Katolika. Fadannin ƙungiyar mishan ta SMA daga Ayalan su suka yi aikin yankin Kwantagora, wanda ya haɗa da Zuru da Yawuri. Bishop Timothy Carroll mutanenmu Kambari ba za su manta da rijiyoyi da karatun rani da aka yi a zamaninsa ba. Yanzu abin ya juya, fadanninmu ne ake aikawa can don firistoci sun yi musu ƙaranci. Akwai wanda na yi aiki da shi, yana can yanzu. In ka ga hotonsa cikin babbar riga a wurin ziyara na Knock da ke Ayalan sai ka ce ya huta. Amma in mun yi waya abin da yake faɗa daban. Majami'u fiye da ɗaya yake riƙe da su, shi ke dafa abincinsa, shi ke wanki. A watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi. Yawancin aikinsa jana'iza ce da ziyarar tsofaffi a gidajen kula da su. Ba wanda zai shigo maka gida ba tare da ya yi waya ba. Mutumin da ya tashi a gidan da ake cin tuwo mutum goma a kwano, yanzu shi kaɗai da bango. Ya ce ranar hutunsa in bai fita ya ga teku ko wani tsohon gini ba, kansa zai iya taɓuwa.

Nas_Rifkatu:
Ni kuma na yi aikin sa kai na ɗan lokaci a asibitin mishan na Galmi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, a kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Can ba ka da matsalar harshe, Hausa ce zalla. Amma aiki! Lokacin zazzaɓin damina yara har a tabarma a baranda. Likitocin daga ƙasashe dabam-dabam suke, kuma akwai marasa lafiya da suke ƙetarowa daga Sakkwato da Illela. Yawon da muke yi bai wuce mu hau tudun bayan gari da yamma ba, ko mu shiga gonakin albasa. Albasar Galmi ja ce mai kyau, har ƙasashen bakin teku ake kai ta.

Ɗan_Aliero:
Anti a bar zancen albasa, kowa ya san ta Aliero ita ce albasa.

Alhaji_Na_Kamba:
Ɗana, ta Galmi ta hi daɗewa a ajiye, wanga ba gardama. Kilishin Yamai ma haka.

Ɗan_Aliero:
Kilishi na yarda Alhaji, albasa ban yarda ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Maman Saratu. Masu albasa su buɗe nasu zancen daban.

Ma'ajin_Ikkilisiya:
Ni ina riƙe da littafin kuɗi a wata ikkilisiya a Birnin Kebbi, kuma ina ganin kowane ɓangare yana da abin dubawa. Uwar da ta yi maganar kuɗin ƙosai tana da hakkin ta san inda kuɗinta ya tafi, kada a mai da ita marar bangaskiya don ta tambaya. Matsalar daga wurinmu shugabanni take. Muna aika mutum da addu'a da kuka a tasha, daga nan sai mu manta da shi sai ranar Lahadin mishan. Ba mai zuwa duba shi. Kuɗin wata uku ya taru ba a tura ba, ba mai jin kunya. A kasafinmu akwai layin fenti, akwai na kujeru, amma babu na hutun mai bishara ko na makarantar 'ya'yansa.

Shawarata, a rubuta a fili: ga kuɗin abinci, ga na aiki, ga na hutu sau ɗaya a shekara. Shi kuma duk wata uku ya aiko da wasiƙa ga dattawa, ba sunaye ba hotuna, a karanta wa jama'a. Sannan dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga zumunta su je su kwana biyu a gidansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma wanda ya kwana ciki da damina shi ma zai sani.

Ɗalibin_Tauhidi:
Ina goyon bayan Ma'aji. Kuma mu sani tsarin ba ɗaya ba ne a ko'ina. EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ikkilisiyar ECWA, wadda aka kafa tun 1948, ikkilisiyoyi ne suke ɗaukar nauyin masu bishararta. Ƙungiyar mishan ta CAPRO kuwa, da ta fara a Zariya a 1975, ma'aikatanta ba albashi suke karɓa ba, abin da masu goyon baya suka bayar da shi suke rayuwa. Saboda haka kafin a ce baiko ne ya biya kwalekwale, a tambaya tukuna. Wataƙila matarsa ce ta yi ɗinki ko ta sayar da kunu ta tara.

Baba_Rabaran:
Ɗana ka taɓo gaskiya. Mamanku da keken ɗinkinta ta riƙe gidanmu. Kuma in ƙara da abu ɗaya game da abin da Gaskiya_Ɗaya ya faɗa da farko: e, akwai malalata a cikin masu bishara, na san wasu. Amma ba a gane su ta hoto. Ana gane su in ka je garin ka tambayi mai gari ko ya san su, ka ji ko sun iya gaisuwa da harshen mutanen.

Gaskiya_Ɗaya:
Baba na karɓi wannan. Abin da ban karɓa ba shi ne a sa kuɗin hutu cikin baikon mishan. Wanda ya bayar don bishara, a kashe a bishara. In ana son hutu a yi wani asusu daban, mai so ya saka.

Hannatu_Ribah:
To in ya faɗi ciwo don rashin hutu, daga wane asusu za a biya asibiti?

Yaron_Dabai:
Ni har yanzu ina ganin ko da kuɗinsa ne, bai kamata ya saka a Facebook ba. Ya san irin mutanen da suke tara masa. Ya tura wa danginsa ta WhatsApp mana.

Ɗiyar_Mishan:
Wato ya ɓoye cewa 'ya'yansa sun yi farin ciki yini ɗaya? Ni wannan ne ban gane ba, Yaron Dabai.

Maman_Saratu:
Na gode muku duka, Baba Rabaran, Kaka, Alhaji, da 'yata Ɗiyar Mishan. Ranar Alhamis muna da zumunta, zan karanta musu abin da Mai Bishara A Fili ya rubuta da shawarar Ma'aji. Na san wasu za su tsaya a kan maganar Gaskiya Ɗaya ta asusu daban, ni ma ban gama yanke wa raina a kan wannan ba. Alhaji, in mun haɗa dawa da daddawa da ɗan manja, akwai motar da take ɗauka daga Kamba har Doso, ko sai an sauke a Gaya?

Alhaji_Na_Kamba:
Sai an sauke Gaya a canza mota. Amma ki bari in tambayi direbobi halin da iyaka take ciki satin ga, don abin yana canzawa, kuma kayan abinci ba kullum aka bari su wuce ba.